Ku Tambayi Inna: Gidan da Ya Fi Ƙarfin Mai Shi

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Yaya. Ni ƴar Damagaram ce, shekaruna 58, a Birni nake zaune. Maigidana ya rasu shekara uku ke nan. Ya bar mu cikin gida mai ɗaki tara, ban da zaure biyu da soron baƙi. Da can mun haura mutum ashirin a ciki, yau daga ni sai jikata da wata yarinya mai taya ni aiki. Abokiyar zamana ta koma Maraɗi wajen ɗanta. Nawa ƴaƴan biyar ne: biyu suna Yamai, ɗaya yana Agadas, ɗaya tana aure a Kano, autan yana karatu. Ɗakuna shida a kulle suke. Daminar da ta wuce katangar gabas ta zube, kuɗin da yaran suka aiko mini na magani da abinci a can suka tafi. Gwiwata ba ta barina in zagaya gidan. Raina yana son ƙaramin wuri, ɗaki biyu da tsakar gida, amma da na faɗa wa babban ɗana sai ya ce abin kunya ne, gari zai ce sun kasa riƙe gidan ubansu. Ni ma in na tuna da bakin mutane sai jikina ya yi sanyi. Yaya, son kai nake yi? Ko ƙin godiyar Allah ne?

Ƙanwarki daga Birni

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya kai haske kabarinsa, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Sau biyu na karanta wasiƙarki, domin kusan labarina kika ba ni. Kafin komai in cire miki ƙayar da ke ranki: babu son kai a cikin maganarki, babu butulci. Gajiya ce, kuma kina da dalilinta.

Ni ma gida mai ɗaki goma sha ɗaya na bari a Zango a 2019, shekara biyu bayan rasuwar maigidana Malam. Wata safiya bayan ruwan Agusta na ɗauki makullai in duba ɗakunan baya. Da na tura ƙofar ɗakin da ƴata ta fari ta yi jego a ciki, sai na tarar azara biyu sun sauko, ƙasa ta rufta kan gado, gara ta gama da tabarmi har ta hau ƙafar kujera. Na tsaya na yi lissafi, wata bakwai rabon da ɗan Adam ya sa ƙafa a ɗakin. Nan bakin ƙofar na zauna na yi kuka, kukan ɗakin da na maigidan gaba ɗaya. A ranar na gane cewa na daɗe da daina zama a gidan, gadinsa nake yi.

Kin san maganar tsofaffinmu, wai ɗakin da ba a kwana a ciki shi ke fara faɗuwa. Babu camfi a nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke kwance ciki shi zai ji ɗigon farko, da safe ya sa yaro ya hau ya toshe. Ɗakin da ke kulle kuwa, indararo sai ya cushe da ciyawa da kashin tantabara, ruwa ya kwanta a kan soro ya yi ta ratsawa, azara ta jiƙe, gara ta samu hanya, ba wanda ya sani sai ranar da aka ji rugum. Ke da ke Birni ba sai na tuna miki Satumbar 2024 ba, lokacin da ruwa ya kayar da tsohon masallacin nan da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye. Wannan fa ginin da idon gari duka ke kansa ne. To ina ga ɗaki shida da mace ɗaya mai ciwon gwiwa ke riƙe da makullansu?

Iyayenmu da suka gina waɗannan gidaje ba su yi don alfahari kaɗai ba. A zamanin Sarki Tanimun, Damagaram ta kasance mahaɗar ayari tsakanin Kano da Agadas har Tarabulus, kuma nan ce hedikwatar ƙasa kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Gidan attajiri ko na malami masauki ne. Ga fatake, ga almajirai, ga barori, ga ƴaƴan ƴan uwa da aka kawo riƙo. In lokacin yaɓe ya zo, samarin gida da na maƙwabta su kwaɓa ƙasa a wuni biyu a gama, ladarsu tuwo da fura. Yau samarin suna Yamai da Agadas, magini kuwa kuɗi yake karɓa a kullum, ƙasar ma da amalanke ake sayo ta. Gidan yana nan yadda aka gina shi, hannuwan da ke riƙe da shi ne suka watse.

Bari in gaya miki abin da na samu a ɗaki biyu da rumfa, tunda yanzu na kwana biyu a ciki.

Na farko ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san garinmu a kan dutse yake zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. In bazara ta kankama, Maris zuwa Mayu, famfo ya yi shiru, sai kiran ƴan garuwa ko tashin tsakar dare a tari ruwa. A tsohon gida makewayi huɗu ne, kowanne sai an wanke ko ba a shiga, ga yayyafin tsakar gida kafin shara, ga randuna a kowane sashe da nake jin kunyar baƙo ya tarar da su a bushe. Yanzu randa biyu da duro ɗaya sun ishe mu, ni da jikana. Abin da nake ba mai garuwa a mako ɗaya da can, yanzu yana kai ni kusan wata.

Sai shara. Mai gida babba a garin nan ta san hunturu. Ki share da safe, kafin la'asar ƙura ta mayar da komai yadda yake. Sai na wuni da tsintsiya, ko ina bin yarinya da ido ina faɗa, har na fara zama mai yawan mita, halin da ba nawa ba. Yau kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Lokacin da ya rage mini shi na kai makarantar Islamiyya ta matan unguwa. Shekara talatin da huɗu ina koyar da yara a firamare, amma ban taɓa samun natsuwar da zan gyara tilawata ba sai da na koma ɗaki biyu.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne barci. A babban gida kunnena a buɗe yake kwana. Motsi kaɗan a baya sai in tashi zaune, mage ce ko ɓarawo, ko katanga ce ke tsagewa. In hadari ya haɗo daga gabas, maimakon in yi murna irin ta kowa, gabana faɗuwa yake. Mutumin Damagaram ya ga hadari ya ji tsoro, ai kin san abin ya kai inda ya kai. Yanzu daga kan gadona ina jin ƙofar waje, ina jin numfashin jikana, ruwa ya sauko in ce Alhamdu lillahi in gyara kwanciya.

Kuɗi kuma ba sai na yi dogon bayani ba. Fanshona da ɗan abin da yara ke aikowa sun daina tafiya a yaɓe da kwano da takardar wuta. Har adashi nake zubawa.

Amma ba zan ɓoye miki abin da na rasa ba, don in na ɓoye na cuce ki. Na yi kuskure ɗaya babba: na yi nisa. Filin da na samu da sauƙi a bayan gari yake, sabuwar unguwa. Maƙwabtan da muka yi shekara arba'in tare, waɗanda in na yi tari da dare da safe za su leƙo, na baro su. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa ta tsufa, sai kabu-kabu. Wata rasuwa aka yi ta ƙawata a Zango, labari bai iso ni ba sai bayan an kai ta. Wannan har yau yana ci mini rai. Na yi kewar inuwar dogon yaron da Malam ya dasa da hannunsa, na yi kewar muryar ladanin masallacinmu. Sabbin maƙwabtana mutanen kirki ne, amma a wurinsu ni tsohuwa ce da ta tare jiya, ba su san ni da ƙuruciyata ba. Don haka in za ki rage gida, ki rage, amma kada ki bar unguwarki in da hali. Ɗaki biyu a Birni kusa da mutanenki ya fi miki gidan siminti a inda ba wanda ya san sunan mijinki.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi. A wasiƙarki ba ki ce an raba gado ba, kuma shekara uku sun wuce. Ƙanwata, gidan nan ba naki ba ne ke kaɗai, ba kuma na babban ɗanki ba ne. Ke da abokiyar zamanki tumuni ne naku, kashi ɗaya cikin takwas, ku raba tsakaninku tunda akwai ƴaƴa. In iyayen mamacin ba su raye, saura na ƴaƴansa ne duka, naki da nata, namiji rabon mata biyu. Ke nan ba ki da ikon sayarwa ke kaɗai, shi ma ba shi da ikon hanawa shi kaɗai. Ɗan abokiyar zamanki da ke Maraɗi yana da haƙƙi a kowane tubali, ƴarki ta Kano ma haka. Mu a nan muna jin nauyin ta da maganar gado, wai kada a ce muna ɗokin dukiya. Sai a bari shekara ashirin, wasu magadan su rasu, ƴaƴansu su shigo, gida ɗaya ya zama na mutum arba'in da ba su san juna ba, ƙarshe a kare a gaban alƙali. Na ga gidaje a Birni da Zango da suka zama kango saboda wannan, kowa yana da rabo, ba mai gyara.

Abin da zan ba ki shawara, ki bari sai Sallah da yara za su taru. Ki aika wa abokiyar zamanki da ɗanta su zo, da girmamawa, kada su ji labari a bakin wani. A kira malami masanin rabon gado, a kira ƙanin mijinki ko wani dattijon dangi, a sanar da mai unguwa. A nemo takardun gidan tun yanzu, in babu a san yadda za a yi shaida. A sa mutum biyu ko uku da suka san farashin gidaje a unguwar su ƙiyasta, kada a dogara da bakin dillali ɗaya. Duk abin da aka yanke a rubuta, kowa ya sa hannu, da shaidu.

In an zauna, za ki ga hanya ba ɗaya ba ce. Ana iya sayarwa a raba kuɗi. Ana iya barin wanda ke da hali cikin ƴaƴan ya sayi rabon sauran. Akwai kuma wadda nake ganin ta fi dacewa da ke, wadda ni ban yi tunaninta ba a lokacina: a yanke miki sashe ɗaya, ɗaki biyu da madafa da makewayi, a ja katanga, zaure ya zauna a wajenki. Sauran a fasa masa ƙofa ta daban a sa haya, da yardar magada duka. Garin nan cike yake da masu neman ɗaki, ga ɗaliban Jami'ar André Salifou, ga ma'aikata da ake turowa, ga sabbin ma'aurata. Kuɗin haya a fara cire na gyara, saura a raba bisa rabon kowa. Ɗakunan su samu masu kwana a ciki, ke ki samu hutu, gidan kuma bai bar hannun zuriya ba. Sai dai a zaɓi ƴan haya da idon basira, masu iyali sun fi, kuma wani namiji cikin dangi ya riƙa karɓar kuɗin, kada a bar ki da bin bashi ƙofa ƙofa.

Shi kuma babban ɗanki, kada ki yi fushi da shi. Maganar kunya da ya kawo, rabinta kunya ce, rabinta kewar uba. A ransa, muddin gidan na tsaye yadda ya san shi, mahaifinsa bai gama tafiya ba. Amma shi yana Yamai, kilomita wajen 900, yana zuwa sau biyu a shekara ya kwana huɗu, ke ce ke kwana da yoyon. In ya zo, kada ki yi masa dogon bayani. Ki miƙa masa makullan ɗakunan nan shida ki ce ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga, ya ɗaga kai ya dubi rufi. Sannan ki ce masa, "Ɗana, wanne ya fi zama abin kunya, a ce uwarka tana zaune a ɗaki biyu masu tsabta, ko a ce gini ya faɗa mata?" Nawa ɗan haka na yi masa. Bai ce komai ba, sai da dare ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe mini, ban sani ba."

Game da godiyar Allah da kika tambaya. Gaskiya ne ya zo a hadisi cewa gida mai yalwa yana cikin jin daɗin duniya, tare da mace tagari da maƙwabci nagari da abin hawa mai daɗi, don haka ba na zargin duk wanda Allah ya ba babban gida da jama'ar da za su cika shi. Amma yalwa gwargwadon mutum take. Hasanul Basri ya ba da labarin yana yaro yakan shiga ɗakunan matan Annabi (SAW) ya taɓa rufinsu da hannunsa. Kuma Manzon Allah ya ce wadata ba yawan kaya ba ce, wadatar zuci ita ce wadata. Bakin mutane kuwa, ni ma an yi da ni. An ce talauci ya kama gidan Malam, an ce yara sun kore ni. Bai kai wata uku ba suka samu wani abin magana. Wasu cikin masu faɗar ma sun zo har ɗakina suna tambaya yadda na yi.

Abu ɗaya kawai nake roƙonki kada ki bari ya ƙanƙance tare da gidan: karɓar baƙo. Gidan mijinki an san shi da buɗaɗɗiyar ƙofa, to ki riƙe wannan. Ni ɗakina na biyu na jikana ne, in baƙuwa ta zo daga Mirriya ko Magariya ya dawo wajena ita ta kwana can. In sun yi yawa a baza tabarmi a rumfa. Ba wanda ya taɓa tafiya yana ƙorafi, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Tambaya ta biyu

Inna, ina gaisuwa. Mahaifiyarmu ta yarda ta dawo kusa da ni a Karkada, na gina mata ɗaki da falo. Matsalar kayanta. Tana da jeren kwalla da tasoshi tun na aurenta, adaka uku cike da atamfofi da ba a ɗinka ba, gadon ƙarfe biyu, tukwanen biki. Ba za su shiga ba. Na ce a kira dillaliya a sayar, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ƙannena sun ce mu kwashe wata rana in ta tafi unguwa. Me za mu yi?

Ɗanki daga Karkada

Amsa

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ginin da ka yi mata. Amma shawarar ƙannenka, ko da wasa kada ku yi. Dukiyarta ce, taɓa ta ba da izininta ba haramun ne, kuma raunin da za ku yi mata ba zai warke ba.

Ku yaran yanzu kuna ganin kwano ne kawai. A zamaninmu mace ba ta da asusu a banki. Jerenta shi ne bankinta. In ta yi ƙuli-ƙuli ko alkaki ta samu riba, ko ta ɗauki adashi, sai ta sayi kwalla ta jera, ko turmin atamfa ta sa a adaka. Ranar da maigida ya shiga matsi, ko yaro ya kwanta asibiti, ta zare ɗaya ta ba dillaliya a asirce. Ina da yaƙinin wasu cikin kuɗin makarantarka daga wannan jeren suka fito, ba ta faɗa maka ba ne. Da ka ce a kira dillaliya, abin da ta ji shi ne ɗanta yana cewa a tona asirinta a kasuwa, domin a saninta ba a sayar da jere sai wuya ta yi wuya.

To ka canja kalma. Ka bar maganar sayarwa, ka kawo maganar bayarwa. Ni da kaina sai da na buɗe adakata kafin tashi na tarar turmi huɗu sun ci a wajen ninki, ina ɗagawa suna yagewa, shekara ashirin ina ajiyarsu don wata rana. A cikin danginmu kuwa akwai marayu da aka aurar da zane uku. Tun ranar na zauna na ware. Tukwanen biki na ba ƙungiyar matan unguwa, duk mai suna ko zaman makoki ya ɗauka ya dawo da su. Gadon ƙarfe ɗaya ya tafi ɗakin wata ƴar ƙanwata. Kwallayen da uwata ta jera mini, guda shida, su na riƙe, suna nan a kan kabad ina kallonsu kullum. Daɗin da na ji ranar da na je biki na ga amarya sanye da atamfata, ajiyar shekara ashirin ba ta ba ni shi ba.

Ka tura mata ƴarta mace ko ƙanwarta, su zauna tare ba gaggawa, adaka ɗaya a mako. Ita za ta ce wannan na wance ne, wannan na wane. Ku bar ta ta ba da labarin kowane kwano in tana so, kuma ku saurara. Abin da ta ce ba za ta rabu da shi ba, a nema masa wuri ko da kai ne za ka rage kayan falonka.

Abu biyu na shari'a ku kiyaye. A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na da rai da lafiya. In ta ce "na ba wance" amma kayan suka ci gaba da zama a adakarta har ta rasu, sun koma gado, daga nan rigima ke tashi. Don haka abin da ta bayar a ɗauka a kai. Na biyu, in tsakanin ƴaƴanta take rabo, ku tuna mata ta yi adalci, domin Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida ga sahabin da ya ba ɗa ɗaya kyauta ya bar sauran.

Tambaya ta uku

Inna, aurena saura wata biyu. Wanda zan aura malamin makaranta ne, ɗaki ɗaya da falo ya kama haya a Sabon Gari. Mamata na neman cin bashi ta yi mini kujeru saiti biyu da gado biyu da kabad babba, don kada dangin miji su rena mu. Na ce mata wurin ba zai ɗauka ba, ta ce in yi shiru.

Ƴarki daga Garin Malam

Amsa

Ƴata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar. Kina da hankali, kuma gaskiya na wajenki, sai dai ba daga bakinki ya kamata mamarki ta ji ta ba. Ki samu gwaggonki ko wata aminiyarta da take jin maganarta, su je tare su ga ɗakin da idonsu, su auna da igiya tsawo da faɗi, sannan su tafi wajen kafinta da igiyar a hannu.

Na sha shiga ɗakin amare inda sai an yi gefe ake wucewa, ba wurin shimfiɗa sallaya. Zafin Afrilu ya zo, sama da digiri 40, ɗaki cike da katako da soso, iska ba ta da hanyar wucewa, ango da amarya su kwashe tabarma su koma tsakar gida, kujerun su kwana a ciki. In mai gida ya tashe su, a tashin farko madubin kabad ya fashe, ƙafar gado ta karye. Masu zuwa ganin ɗaki kuwa wuni ɗaya suke yi, uwa ta shekara biyu tana biyan bashi. Akwai hadisi a Sahihu Muslim: shimfiɗa ɗaya ta miji, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu ta Shaiɗan. Malamai sun ce ana nufin abin da aka tara don nuna isa, ba don buƙata ba.

Ki fahimci tsoron mamarki, ba ta son a yi miki gori a gidan miji, kuma gorin yana faruwa. To a ba ta abin da za ta ɗaga kai da shi. Gado ɗaya mai kyau na katako mai ƙwari, kujeru saiti ɗaya daidai falon, kayan girki masu inganci. Abin da ya rage cikin kuɗin da take da shi a hannu, ba na bashi ba, a saya miki abin da ke haihuwa ko ke riƙe daraja: keken ɗinki in kin iya, ko tunkiya biyu a ba wani amintacce kiwo a ƙauye, ko ƴan kunnen zinariya. Ranar kai kaya a faɗa a gaban dangin ango cewa ga abin da uwar amarya ta ba ƴarta na jari. In kin samu gwaggon da za ta yi wannan magana, ki rubuto mini bayan biki in ji yadda aka ƙare.